Ina Gyaran Fitila, Amma Kalmomin Haske Sun Kayar Da Ni

Anti Zulfa, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. A unguwar Sabo da ke Ibadan aka haife ni. Ina jin Hausa, Yarabanci da Burokin, amma sau uku Turanci yana kayar da ni a jarrabawar gama sakandare. Bara an ce in zaɓi kalma tsakanin glow, gleam da glitter, na zauna ina kallon takarda har aka karɓe. A Burokinmu duk abu mai haske kalma ɗaya muke ce masa, "shine". Abin takaicin, gyaran fitilun sola nake yi a wani shago a Mokola, da haske nake wuni. Na rubuta kalmomin nan, na haddace su yadda muke hadda a Islamiyya, in na shiga zauren jarrabawa sai su cakuɗe. Baba ya ce wannan zaman ne na ƙarshe. In na faɗi, zan bi Kawu Jafaru kasuwar shanu ta Akinyele, karatun injiniyan lantarki kuwa in manta. Saura mako uku. Ni dai na sare.

Mai Gyaran Fitila, Sabo

Ƙanena, ba zan yi maka zaƙin baki ba. Mako uku ba zai ɗinke ɓarakar shekara uku ba, kuma mai yiwuwa ka sake faɗuwa. Babanka ma ba mugunta yake yi ba. Ya ga shekaru suna wucewa, yana son ka tsaya da ƙafarka.

Amma hadda ce ta cuce ka. Ai a Hausa ba ka rikita ƙyalli da annuri, don ka gan su da ido kafin ka san sunansu. Yi wa Turancin haka. Garwashin mai tsire idan ya yi ja ba harshen wuta, shi ne glow. Sheƙin goro da aka wanke, gleam. Duwatsun leshin biki masu ƙyalƙyali, glitter. Fitilar da ka gyara ta haskake ɗaki, illuminate ke nan.

Ka samu Baba tun yanzu, kada ka jira sakamako. Roƙe shi ko da ka faɗi ya bar ka a shagon, don can ma lantarkin ne. Yana iya ƙi, in ya ƙi kada ka riƙe shi a rai.

Gobe kada ka hau okada, wato acaɓa. Taka da ƙafa daga Sabo zuwa Mokola, ka raɗa wa abu biyar masu haske suna da Turanci. Allah ya ba ka sa'a, ƙanena.

Anti Zulfa