Makarar Audu a Sabuwar Mota

Daren Laraba, Sauka Kahuta

Barci ya ƙi zuwa. Yau aka yi jana'izar Malam Audu, abokina tun muna samari, ni kuwa na kunyata shi a tafiyarsa ta ƙarshe.

Da aka idar da sallar gawa, maƙwabcina Bulus ya ce ga a-kori-kurarsa nan, a ɗauke shi a ciki. Na ce a'a. Mutumin da ya toshe min kwata, shi zai ɗauki Audu? Na sa ɗana Sani ya kawo sabuwar a-kori-kurar wurin aikinsu, mai aiki da lantarki.

Sani ya ce, "Baba, bayanta gajere ne fa. Kujeru sun cinye wurin, batir kuma yana ƙasa, ya ƙara mata tudu."

Na ce, "Kai za ka koya min mota?"

Da ƙyar aka ɗaga makarar, sai ta ƙi shiga duka. Ƙafafun Audu a waje, a gaban 'ya'yansa. Motar kuwa ba ta ƙara, balle ta rufe min surutun mutane. Komai na ji.

Bulus ya juyo da tsohuwar motarsa tana hayaƙi, aka sa makarar ta zauna daram. Ya buɗe min ƙofar gaba ya ce, "Malam, shigo. Abokinka ne."

Na shiga. Har makabarta ina kallon gwiwoyina, na kasa ce masa na gode. Har yanzu ban faɗa ba, ga fitilar ɗakinsa can a kunne.