Sirdin Babanmu Zai Raba Ni Da Aikina

Assalamu alaikum jama'ar wannan guruf. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wanda kuma zai yi dariya ya wuce abinsa, ba ni da lokacinsa.

Ni budurwa ce, na gama sakandare, ina koyarwa a wata firamare can bayan Mahuta. Daga gidanmu tafiyar fiye da awa ɗaya ce a keke, hanya duk ramuka. Keken na marigayi babanmu ne, mu uku ya bari duk mata, ni ce babba, da wannan aikin nake kawo cefane.

Matsalar sirdin keken ce. Fatar da aka rufe shi da ita wai ta sirdin kakan kakanmu ce, bafatake, wanda ya yi ta zuwa Gwanja sayo goro tun kafin zuwan Turawa. Kakanmu ne ya yanko ta ya ɗinka a kan keke, Baba ya gada, duk Juma'a yana shafa mata man shanu. To madalla. Amma fatar nan ta bushe kamar ƙashi, sifirin ɗaya ya karye, kuma ta lotsa daidai zaman Baba, ba nawa ba. Wata biyu ina hawa, na saɓule, maruru ya fito mini inda ba a faɗa. A tsaye nake koyarwa har a tashi, yara suna zaton tsabar ƙwazo ne. In na dawo Innarmu ke dafa mini ruwan bagaruwa in zauna a ciki, ita da kanta take riƙe ni in na kasa miƙewa.

Na naɗa tsumma, ya zame. Na ɗaura matashi, ya jefar da ni a gonar dawa. Ran nan na gaji, na tura keken Funtua wajen wani mai gyara, ya sa mini sirdi mai faɗi mai soso, ya ɗan sunkuyar da bakinsa, ya rage tsawo. Wallahi ranar har waƙa na yi a hanya. Tsohon sirdin na naɗe shi a zane mai tsabta na ajiye ƙarƙashin gado, ban yar ba.

Kwana huɗu Baffa, ƙanin babanmu, ya gani. Ya tara mu a zaure har da 'ya'yansa maza, ya ce na tuɓe wa gidanmu riga, wai maza huɗu sun zauna kan fatar nan babu wanda ya yi ƙorafi sai ni da na yi boko. Na ce a rataye shi a ɗaki don tunawa, ya ce sirdi ba hoto ba ne. Sai ya kalle ni, da yake sunan mahaifiyarsu gare ni, ya ce, "Uwata, faɗa mini, ina ne yake miki ciwo?"

Ya san ba zan iya amsawa a gaban maza ba. Shi ya sa ya tambaya.

Na juya na kalli Inna. Matar da ta ga ciwon da idonta, wadda hannunta ke warin bagaruwa a lokacin. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Da muka shiga ciki ta ce in yi haƙuri, ba ta iya musu da ƙanin mijinta. Wannan ya fi marurun zafi.

Yanzu Baffa ya ce ba a raba gado ba, don haka ko in mayar da tsohon sirdin kafin Juma'a, ko ya ba ɗansa keken. Babu keke, babu aiki. In na mayar, ciwon da ya fara warkewa ya dawo.

To ku faɗa mini. In cire kunya in amsa masa tambayarsa dalla-dalla a gaban kowa, a ce ba ni da tarbiyya? Ko in koma kan fatar in yi shiru irin na Inna? Ko akwai wanda ya san yadda ake cusa soso ƙarƙashin tsohuwar fata ba ta yage ba?

Kafin ku ce in bi na gaba, ku sani shi Baffan babur yake hawa. Kujerarsa soso ce, bara ma ya sake ta.