Allo Mai Lanƙwasa Na Mutum Ɗaya Ne

Litinin, 4 ga Agusta

A yi mini afuwa. Littafin nan na lissafi ne, kuma ni ba gwanar rubutu ba ce, amma ba ni da wanda zan faɗa wa. Baba ya kwashe sauran kayansa jiya, ya koma ɗan gidan da ya kama haya a Mayfield. Talabijin ɗin da muke wasan tseren mota a kai ya zauna a nan, sai dai babu abokin tseren.

Ya kira ɗazu. "Immy, ke za ki zaɓo mana allon kwamfuta na sabon gida. Babba. Ki yi aikin makaranta a kai, in kin gama in lallasa ki." Na ce to. Ban ce masa ba na son in taka gidan ba.

Laraba, 6 ga Agusta

Na yi bincike kamar na jarrabawa. Inci talatin da huɗu, mai faɗi sosai, mai lanƙwasa. Za a iya buɗe darasi a hagu, rubutu a dama. Hotonsa ba ya tsinkewa in mota ta yi gudu. Na jera dalilan a shafi biyu, da rula.

Mama ta leƙo ta ce, "Yana da kyau." Ta koma kicin ta buɗe famfo, ya daɗe yana zuba.

Juma'a, 8 ga Agusta

Sanyi. Talia, wadda muke zama benci ɗaya, ta ce gida biyu daɗi ne, kyauta biyu ranar haihuwa. Ban yi dariya ba.

Asabar, 9 ga Agusta

Mun je kanti ni da Baba. Ya rame. Mai sayarwar, wata dattijuwa mai suna Kerrin, ta zaunar da ni a gaban wanda na zaɓa. Gaskiya kamar hanyar tseren da ke allon ta zagaye ni. Baba ya jawo kujera gefena, sai ta ce, "A'a, malam, daga nan ba za ka ga komai daidai ba. Mai lanƙwasa na mutum ɗaya ne, wanda ke tsakiya."

Shafi biyu na rubuta, ban gano wannan ba. Mu kullum kafaɗa da kafaɗa muke wasa.

Na ce mu ɗauki miƙaƙƙe. Baba ya ce, "Wanne idonki ya fi so, 'yar boko?" Ya ga inda nake kallo. Ya sa aka ɗaure mai lanƙwasar.

A mota ban ci kifin da ya saya mini ba. Tunanina ɗaya: duk ranar da ba na nan, shi ne mutum ɗayan.

Talata, 12 ga Agusta

Ya turo hoton kwalin. Bai buɗe ba. Wai sai injiniya ta zo, wato ni.

Asabar, 16 ga Agusta

Na je. Gidan yana warin fenti, cokali biyu kacal. Teburin ya yi wa allon kaɗan, sai da muka ja shi daga bango. Ni na haɗa wayoyin, shi yana karanta takardar bayanin a juye.

Ya zaunar da ni a tsakiya, ya raɓe a gefe kan kujerar roba. Sau huɗu motarsa tana dukan shinge a kwanar hanya guda. Na ce, "Baba, ba ka gani." Ya ce, "Ina gani sarai, tausayinki nake ji." Na ce mu riƙa musanya kujera bayan kowane zagaye. Da ya hau tsakiya ya cinye ni, ya tashi yana rawa. Abin kunya.

Har yanzu ba na son gidan. Rigar sanyina tana can a bayan ƙofa. Mantuwa ce, ina jin.

Mama ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban faɗa ba. Idan ba laifi, a bar ni in ƙara cin shafi ɗaya ko biyu daga littafin nan.