Takardar da Ke Cikin Akwatin Kawu Filaya

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya karatu, ya kewar gida? Mama tana gaishe ki, ta ce ki daina kwana da yunwa.

Albishirinki. Baba ya gaji da ganina kwance da littafin soyayya, ya ja ni ma'aikatarsa ta haɗa akwatunan wutar lantarki hutun nan. Tebur ɗina yana kallon na sabon Injiniya. Yaya, dogo ne, ba ya dariya, irin na littafi sak. Ko gaishe shi na kasa yi da kyau.

Shi ya koya mini manhajar zanen wuta. Kowane makunni yana da suna mai hawa uku, kamar kaka da uba da ɗa: injin da yake wa aiki, akwatin da yake ciki, sannan shi kansa. =N2+A1-Q3 na nufin makunni na uku, a akwati na ɗaya, na injin niƙa na biyu. Idan ka ja makunni ƙarƙashin wani uban ko kakan, nan take sunansa ya canja. Ya ce in kula. Ni dai yatsunsa nake kallo.

Kawu Filaya, tsohon nan mai haɗa waya, yana nan. Har yanzu “’yar maigida” yake ce mini, yana ajiye mini alewa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina fata kin tashi lafiya. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Akwatin da muka haɗa wa kamfanin niƙa ya jawo masifa. Makanikensu ya kashe makunnin da aka rubuta wa injin na biyu, ya sa hannu a cikin injin, ashe na injin na ɗaya ya kashe. Yatsu uku ya rasa.

Ni ce, Yaya. Ranar da Injiniya ya sa riga shuɗiya, hankalina na kansa, na musanya makunni biyu a manhaja ban sani ba, kowanne ya koma ƙarƙashin injin da ba nasa ba. Injiniya ya sa hannu a zanen bai duba ba. Kawu ya haɗa waya kuma ya manna lambobi yadda takarda ta ce.

Ina kuka a bayan ofis sai ga Injiniya. Karo na farko ya zauna kusa da ni. Ya ce manhaja tana nuna wanda ya taɓa komai, amma ya gyara, ya buga sabon zane, babu mai sani. Saura tsohuwar takardar da ke akwatin kayan aikin Kawu. Ya kalle ni ya ce, “Ke kaɗai yake bari ki buɗe akwatin nan.”

Na ce wa Kawu alewa nake nema. Shi da kansa ya miƙo mini makulli.

Da Baba ya tara mutane, Kawu ya rantse takarda ya bi, ya zazzage akwatinsa a ƙasa gaban kowa, babu. Injiniya ya shimfiɗa sabon zanen. Yaran aiki suka fara cewa idon tsoho ya tafi hutu, wani ya ɗaga masa yatsu yana tambaya nawa ne. Baba ya sallame shi.

Yaya, ki faɗa mini gaskiya, namiji zai yi wa mace haka idan ba ya sonta?

Taki,
Auta

Yaya,

Na samu wasiƙarki, ina fata fushin ya sauka. Ban zaci za ki kira ni da wannan kalmar ba. Kin ce Injiniya kansa ya ceta tunda sa hannunsa ne a takardar. Ke ba ki ga idonsa ba.

Kawu ya zo jiya kwasar kayansa. An ce iyalan makaniken sun kai shi ƙara, kuma babu mai ɗaukarsa aiki yanzu. Ya tsaya a tebur ɗina ya daɗe, ya ajiye alewa biyu. Ya ce, “’Yar maigida, shekara talatin ban taɓa karanta takarda ba daidai ba. In kin ga wata ta faɗi wani wuri, ki tsince mini.” Na ce to. Kaina na ƙasa har ya fita.

Injiniya ya mayar da tebur ɗinsa ɗakin sama, ba ya ko kallona. Na gane. A littafi ma haka suke yi idan abin ya yi musu yawa.

Kin ce in kai wa Baba takardar kafin ki zo, ko ki faɗa da bakinki. Kin makara, Yaya. Na sa almakashi na yanke wurin da ya sa hannu, na ƙona sauran. Guntun yana nan cikin littafina, a shafin da na tsaya da karatu.

Idan za ki zo, ki taho mini da littafi na biyu.

Ƙanwarki mai sonki,
Auta