Takardar Yafewar Larai

Gafasa, Ajingi.

Zuwa ga Alhaji Kashim mai motoci, Gaya.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ni ne Tukur, mijin Larai, matar da babbar motarka ta take ranar kasuwar Ajingi. A gefen titi take tafiya da tiren ƙuli-ƙuli a kanta, ba a tsakiyar hanya ba. Motar ce ta bar kwalta ta bi ta.

Jiya wakilinka ya zo da buhun shinkafa da takarda, har da tawadar dangwale. Ya ɗauka tunda hannuna na rawa ban iya karatu ba. Na yi makaranta tun ba a haife ka ba. Na sa tabarau na karanta. Takardar ta ce mun yafe, ta kuma ce direbanka Zulkiflu harkar gabansa ya fita ran nan, ba aikinka ba. To gyaɗar da ke cikin motar ta wa ce? Sunan wa ke rubuce a jikin ƙofar?

Shinkafar na mayar maka. Babu mai dafa mini ita. Takardar na riƙe.

Ka huta lafiya.
Tukur.

*

Gaya.

Zuwa ga Baba Malam Tukur.

Assalamu alaikum. Ina ƙara yi maka ta'aziyya, Allah ya jiƙan Iya, ya sa Aljanna ce makomarta.

Baba, abin da Allah ya rubuta ba mai kankare shi. Ni ban tuƙa mota ba, ina Kano abin ya faru. Direban ne ya yi ganganci, kuma na kore shi. Sannan ƙanin marigayiya, Muhammad Bashir, ya miƙe a wurin zaman makoki, gaban liman da jama'a, ya ce kun yafe kun bar wa Allah. Takardar nan tabbatar da maganarsa ce kawai. Dattijo ba ya tashin maganar da aka binne.

Motata na tsare a ofishin 'yan sanda, gyaɗa na lalacewa a ciki. Shi ma yaron, direban, yana kulle, matarsa na da goyo. Sa hannunka kaɗai zai fito da shi. Ka dubi Allah.

Ɗanka,
Alhaji Kashim.

*

Gafasa.

Alhaji Kashim,

Sallama a gare ka. Ka ce in dubi Allah, na duba. Na kuma je na dubi direbanka, wanda kai ba ka leƙa ba. Sai da aka ɗaga ni aka sa a adaidaita.

Da ya gan ni ya durƙusa yana kuka. Na ce, "Tashi, kukanka ba zai dawo da ita ba. Gaya mini yadda aka yi." Ya ce, "Wallahi Baba, barci ne. Tun Gaya idona ke rufewa, ya kamata in tsaya, ban tsaya ba." Na ce me ya hana shi. Ya ce kai ka bugo masa waya ka ce in bai kai gyaɗar nan Ajingi kafin kasuwa ta watse ba, ya ajiye maka makulli. Kwana biyu kenan bai kwanta ba.

Laifinsa yana nan, ya san shi. Na yafe masa nawa haƙƙin da bakina, gaban jami'in da ke riƙe da maganar, ba da takardarka ba.

Amma kai, Alhaji, a garinmu idan shanu suka cinye gonar mutum ana kiran makiyayi, sannan a kira mai shanun. Ba mu taɓa jin mai shanu ya ce yana Kano ba. Ribar tafiyar taka ce, gawar kuma ta direba? Ba a raba haka.

Shi kuma Bashir, kunyar jama'a ce ta sa ya faɗi abin da kowa ke faɗi a makoki. Bai tambaye ni ba. Alhali ina zaune kusa da shi. Ba shi ne yake tashi da asuba ya rasa mai ɗora masa ruwan alwala ba. Ba mu da ɗa, ba mu da jika. Ita kaɗai ce, kuma ba a yafe mini ita da bakin wani.

Na shigar da ƙara a kotun Gaya da sunanka. Ina so ka tsaya gaban alƙali ka ce motarka ce, aikenka ne.

Wassalam.
Tukur.

*

Gaya.

Malam Tukur,

Bayan gaisuwa. Na ga sammaci. Ina da lauya, kuma shari'a irin wannan shekaru take ci. Ka dubi jikinka. Wa zai riƙa kawo ka Gaya? Ina ba ka shawara ka janye, ka ƙarasa kwanakinka cikin kwanciyar hankali. Kowa ya san marigayiya mace ce mai haƙuri, da tana nan ba za ta so wannan ba.

Na bar ka lafiya.
Kashim.

*

Gafasa.

Alhaji,

Na amsa gaisuwa. Gaskiyarka, da tana nan cewa za ta yi, "Malam, bar shi da Allah," kuma da na bari. Duk duniya ita kaɗai ke gaya mini haka in ji. Ita ce kuma motarka ta take.

Na riga na yi magana da mai adaidaita. Sai mun haɗu a kotu ranar Litinin.

Tukur.