Daga Ruwa Oksijin Yake Fitowa

Talata da dare, 14 ga Maris, 1978, Tudun Wada

Har yanzu zuciyata tafasa take yi. Yau ina koya wa 'yan aji huɗu yadda ganye ke haɗa abinci: kulorofil, sinadarin koren ganye, ya kama hasken rana, ya fasa ruwa, oksijin ya fita, ƙarfin hasken ya taru cikin sinadarin ATP, da shi ake gina sukari. Sai Malam Sabo, shugaban sashen kimiyya, ya shigo ba sallama, ya share mini allo.

"Malama, daga kabon dayoksaid oksijin ke fitowa. Ki daina ruɗa yara."

Ajin ya fashe da dariya. Ni kuwa na ce, "To, Oga," kamar sakarya.

Da aka tashi na hau bas zuwa laburaren jami'a, na aro littafi. Ni ce da gaskiya.

Ba zan kai masa ofis ba. Jibi sufeton makarantu zai zo kallon darasinsa, wannan babin kuwa zai koyar. Zan zauna a bencin baya, in bari ya gama rubuta kurensa da alli, sannan in ɗaga hannu cikin ladabi. Allah Ya yafe mini, amma har na yi wa atamfar da zan ɗaura guga.