Ƙullin Maɗaci Zuwa Masar

Wad Haddad, farkon damina

Zuwa ga uwargidana Rabi'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙarfin jiki? Yaya baƙunta a Alƙahira? Ki gaida ƙanenki Nuraddeen da iyalinsa, Allah Ya saka masa da ɗawainiyar da yake yi da ke. Mu nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi.

Kin ce a waya ban iya komai ba sai amsa gaisuwa, kamar wanda 'yan sanda suka tsare. Gaskiyarki. Shi ya sa na ari alƙalamin 'yarmu Mu'minat, in na gama ta ɗauki hoton takardar ta tura miki. Na hana ta karantawa, ta yi mini alkawari tana dariya, don haka na san za ta karanta.

Maganar Nuraddeen ta tsaya mini a rai. Ya ce ciwon dajin da ya fara a mamanki ya kai ƙashi, magungunan da aka sani sun daina kama shi. Ya ce ya bi asibitoci yana tambaya har takalminsa ya cinye, kafin ya samu inda ake gwajin wani sabon magani. Da na ji kalmar gwaji raina ya ɓaci. Matar da na aura tun tana tsoron tsallake tur'a, magudanar ruwan gonakinmu, ita za a yi gwaji da ita? Sai da na je hawasha, gonarmu ta noman ban-ruwa, ina gyara hanyar ruwa na tuna shekarar da malaman gona suka kawo sabon irin auduga. Suka yi ƙuri'a, wasu gonaki suka samu sabo, wasu tsohon, suna ta zuwa suna aunawa. Mun zage su son ranmu, amma irin nan shi ya riƙe mu shekaru. Nuraddeen ya ce haka abin yake, kuma ba a tilasta wa kowa, ke za ki amsa da bakinki bayan an bayyana miki komai. In ranki ya kwanta, nawa ma ya kwanta.

Kowace Juma'a liman yana ambaton sunanki, yana roƙon Allah Ya dawo da ke da wuri, masallaci duka ya amsa. Ni nakan fi kowa ɗaga murya.

Mijinki,
Alamin

Wad Haddad, bayan noman farko

Rabi'atu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ciwon bayan ya sassauta, kina kuma samun barci. Na ji daɗi da kika amince, na kuma ji cewa sai sun auna jininki da hantarki sun ɗauki hoto kafin su karɓe ki, ga shi guraben ba su da yawa. Allah Ya sa da rabonki.

Kisirar Mu'minat, wainar dawar nan mai faɗi, tana gyaruwa, yanzu gefe ɗaya kawai take ƙonewa. Lemun da kika dasa ya yi fure. Da la'asar nakan kai angarib, gadon igiyarmu, ƙarƙashinsa in dafa gahawar jabana da kaina, kullum kuma sai na ɗauko finjali biyu kafin in tuna. Ina kewarki, Rabi'atu, har faɗan da kike mini in na shigo ɗaki da taɓo a ƙafa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaman banza. Nuraddeen yana zirga-zirga, likitoci suna aunawa, ni mijinki ina nan ina korar awaki. Don haka na hau mota zuwa Sinnar, daga can na wuce Mai Wurno wajen tsohuwar nan da ta yi wa mahaifiyata magani. Ta haɗa mini sassaƙen maɗaci da wasu saiwoyi, ta ce a jiƙa a sha safe da yamma, yana wanke jini. Na ƙulle shi a tsohon rawanina na ba Usmanu direba, mai bin hanyar Halfa zuwa Masar. Ki sha, ki ƙara ƙarfi kafin ranar awo. Ba sai kin gaya wa Nuraddeen ba, kin san shi da raina abin gargajiya.

Allah Ya dawo mini da ke da wuri.

Naki,
Alamin

Wad Haddad, tsakiyar damina

Rabi'atu, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Ina tambayar lafiyarki, ko da yake yau kunyar tambayar nake ji.

Nuraddeen ya kira ni, kuma tun da na san shi bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ya ce awon ya nuna hantarki ta taɓu, likita ya tsare ki da tambaya har kika faɗi abin da kike sha. Ya ce sun dakatar da ke, za su sake aunawa nan gaba kaɗan, in hantar ba ta dawo daidai ba gurbinki ya tafi ga wata. Ya kuma ce tun ranar farko an gaya miki kada ki haɗa da wani magani ko na itace ne. Kin sani kenan, kika sha. Da na tambaye shi dalili, ya ce kin ce rawanin yana ƙanshin hayaƙin gidanmu, kuma ba ki taɓa mayar da abin da ya fito daga hannuna ba.

Na ajiye wayar na fita hawasha ban san inda nake taka ƙafa ba. Ni da na ba ki labarin auduga, na manta rabin labarin. Malaman gonan nan sun hana mu zuba takinmu a gonar gwaji, suka ce in mun zuba ba za a san abin da ya yi aiki ba, ko abin da ya ƙona shuka. Maƙwabcinmu ya zuba a ɓoye don son gonarsa, aka cire shi. Na yi masa dariya a lokacin.

Ki zubar da jiƙon. In wani ya sake kawo miki ƙulli, ko da sunana ne a kai, ki kai wa likita ya gani. Ki ci abinci, ki sha ruwa, ki yi duk abin da suka ce. Ban nemi ki ce kin yafe ba, don na san za ki faɗa tun kafin in rufe baki, wannan kuma ya fi mini zafi. Abinci ba ya shiga mini, Mu'minat ta ɗauka kisirarta ce.

Ina jiran labari.

Alamin

Wad Haddad, dawa ta fitar da kai

Zuwa ga Rabi'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Yaya jiki, yaya jiri da tashin zuciyar da kika ce sabon maganin yana sa ki? Allah Ya sa kaffara ne. Kowa a unguwa yana gaishe ki.

Ranar da saƙonki ya zo cewa hantar ta dawo, sun karɓe ki, ƙuri'a kuma ta faɗa miki a kan sabon maganin, a bakin tur'a na yi sujada, na tashi da taɓo har gemu. Da kina nan da kin hana ni shiga gida. Na ji kuma kin zubar da sassaƙen kin riƙe rawanin ƙarƙashin matashi. Riƙe shi, wannan ba ya taɓa hanta.

Sai da murna ta lafa na tambayi Nuraddeen yaushe za ki dawo, don ina so in yi wa ɗaki yaɓe kafin nan. Sai ya bayyana mini. Muddin maganin yana riƙe ciwon, za ki zauna kusa da asibitin ana ba ki ana aunawa, ko shekara ce ko fiye. Ranar da suka ce ki tattara ki koma gida, to ya daina aiki ne. Kin san wannan tun ranar da kika amince, kika bar ni ina ta addu'ata ba ki ce komai ba.

Jiya na je wajen liman kafin Juma'a. Na roƙe shi ya ci gaba da ambaton sunanki, amma ya bar cewa da wuri. Ya dube ni kamar na taɓu, sai da na warware masa. Da ya hau addu'a ya roƙi Allah Ya ba ki lafiya, Ya tsawaita zamanki inda maganinki yake. Masallaci ya amsa, ni kuma sai da kowa ya shafa kafin tawa amin ɗin ta fito.

Lemunki ya yi 'ya'ya. Bana ba za ki ci ba, zan raba wa maƙwabta da sunanki. In na girbe dawa na ga hanya ta yi kyau, zan bi Usmanu in zo in gan ki, hannuna babu ƙulli. Ɗakin kuma na fasa yaɓewa. Har yanzu in na idar da salla bakina yakan fara tsohuwar addu'ar, sai in kama shi in gyara. Ina son ganinki a ƙofar gidan nan fiye da komai a duniya, Rabi'atu. Ki daɗe a can.

Wassalam. Mijinki mai kewarki,
Alamin